Yosys huɗu, PicoRV32 ɗaya: rajistar aikin awon fili da lokaci

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Mu uku muke aiki a kan fayil ɗin Verilog guda, da laburaren sel guda, da sikirif guda da muka kwafa daga hannun juna, amma in an zo ƙarshe sai `stat -liberty`, umarnin manhajar Yosys mai ƙirga filin da da'ira za ta ci a kan cip, ya ba kowa nasa adadin fili. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ya isa a yi musu. Dalilin a bayyane yake. Ɗaya yana kan Ubuntu 22.04, wadda ke zuwa da Yosys 0.9, fitowar 2019. Ɗaya yana kan Debian 12 mai 0.23. Ni ina kan Ubuntu 24.04 mai 0.33. Kowa `apt install yosys` ya buga, kowa ya ɗauka abu ɗaya muke riƙe da shi.

Ƙaramin cikinmu ya yanke hukunci nan take: "Malam, ai sabuwa ta fi, kowa ya sabunta kawai a wuce wurin." Wataƙila gaskiyarsa. Amma ina so in gani da idona, don haka na buɗe wannan rajista.

Ga wanda bai saba ba: aikin Yosys shi ne ta karanta bayanin da'ira da aka rubuta da Verilog, ta mayar da shi jerin ƙananan sel na zahiri waɗanda masana'anta ta san yadda za ta zana su a kan silikon, kamar ƙofofin lissafi NAND da NOR da filif-filof (sel mai ajiye bit ɗaya), tare da wayoyin da ke haɗa su. Wannan jerin shi ne netlis. Tambaya biyu ake yi masa: fili nawa zai ci a kan cip, kuma wane saurin agogo zai iya ɗauka.

Abin gwaji: PicoRV32, ƙaramar furosesa ta RISC-V da Claire Wolf ta rubuta, wadda ita ce ta fara Yosys ɗin ma. Fayil ɗaya ce, kowace siga tana karanta ta ba gardama. Laburare: `sky130_fd_sc_hd` na fasahar SkyWater mai nanomita 130, wadda aka buɗe wa kowa a 2020 tare da Google. Kusurwar awo, wato yanayin da ake auna sel a cikinsa: ta tsaka-tsaki, digiri 25, bolt 1.8. Na ƙara 0.50 ta 2025 a kan ukun can, suka zama huɗu. Awon lokaci kuwa OpenSTA guda ce za ta yi wa kowa, ba za a taɓa ta ba har a gama.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ban yi amfani da na `apt` ba. Kowace siga na gina ta daga tushenta a cikin kwantenar Docker tata (keɓaɓɓen muhallin gudanar da manhaja), da kamfaila ta zamaninta, don kowace ta zo da ABC ɗin da aka ɗaure mata, wato manhajar da Yosys ke kira don rage lissafi da zaɓen sel. An ɗauke wuta ana tsakiyar ginin ta ƙarshe, sai dare aka ƙarasa.

Sikirif ɗin gajere ne: `read_verilog`, sai `synth -flatten -noabc -top picorv32`, sai `dfflibmap`, sai `abc -liberty`, sai `opt_clean`, sai `stat`. Na sa `-noabc` da gangan, domin `synth` da kanta tana kiran ABC a gurguje a cikinta, ni kuma ina so a kira shi sau ɗaya tak, a inda nake gani.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kafin a kwatanta komai sai da na yi wa laburaren aski. In ka miƙa wa ABC fayil ɗin Liberty, mai bayanin aiki da girma da jinkirin kowane sel, yadda yake, ba ruwansa da abin da aka ƙera sel dominsa, aikin lissafinsa da girmansa kawai yake kallo. Shi ya sa za ka buɗe netlis ka tarar da `lpflow_inputiso1p_1` yana aikin ƙofar OR, ko `lpflow_isobufsrc_1` a tsakiyar lissafi, alhali sel ne na raba yankunan wuta a cip mai kashe wani sashe nasa don tsimin batir. Akwai kuma sel na gwaji masu suna `probe`. Sababbin sigogi suna da `-dont_use`, 0.9 ba ta san shi ba, don haka na cire su daga fayil ɗin kansa, kowa ya ci daga kwano ɗaya.

Sai na zauna da biro da takarda, don in san girman abin da ake musu a kai. Kowane sel a wannan laburare tsayinsa maikuromita 2.72, faɗinsa kuma ninkin 0.46 ne. Gurbi ɗaya ke nan 1.2512 a murabba'in maikuromita. `nand2_1` gurbi uku ne, 3.7536. `mux2_1`, mazaɓin da ke ɗaukar ɗaya daga cikin waya biyu, gurbi tara, 11.2608. Filif-filof mafi sauƙi, `dfxtp_1`, gurbi goma sha shida, 20.0192.

To PicoRV32 tana da rajista 32, wato ƙananan ma'ajiyai na cikin furosesa, kowace bit 32, bit 1,024 ke nan. Ba mu da bulon RAM a wannan gwaji, don haka kowane bit filif-filof ne, kuma yana bukatar mazaɓi a gabansa don ya riƙe abin da ke cikinsa in ba shi ake rubuta wa ba. Bit ɗaya 31.28. A ninka da 1,024, an haura 32,000. Ko an yar da rajista ta sifili, wadda ba a taɓa rubuta mata komai, bit 992 ne suka rage, wajen 31,000. Ba a ma zo kan itatuwan mazaɓai biyu na karanta rajistocin ba, ba a zo kan ƙidayar zagayen agogo da ta umarni ba, masu bit 64 kowace.

Ma'anar wannan a wurina: kaso mai tsoka na filin ba hannun kowace siga a ciki. Wanda ya rubuta Verilog ne ya yanke shi. Duk wayon da sabuwar siga za ta nuna, a ragowar take nuna shi, kuma in aka raba ribar a kan jimillar fili sai ta ƙanƙance. Daga yau teburin yana da ginshiƙi biyu, filin masu ajiya daban, filin lissafi daban.

Talata, 14 ga Oktoba

Awon lokaci na farko, agogo nanosakan 10, wato megahaz 100. Duka huɗun sun faɗi, kuma faɗuwa ba ta wasa ba. Da na buɗe `report_checks` sai na ga ba tsawon lissafi ne ya kashe su ba. Hanyar tana tafiya lafiya, kowace ƙofa tana cin ɗan abin da ya dace, sai kawai a iso wata ƙaramar ƙofa guda mai lamba `_1` a ƙarshen sunanta, an rataya mata ɗaruruwan ƙafafu, ita kaɗai ta cinye fiye da abin da sauran hanyar ta ci gaba ɗaya. Wayoyin zaɓen rajista ne galibi, da `resetn`, wayar sake-saiti. A irin wannan nauyi ma an fita daga teburin jinkiri da ke cikin Liberty, OpenSTA tana miƙa layi ne kawai zuwa inda ba a auna ba.

Kwatanta sigogi da irin wannan adadi shirme ne. Wadda ta yi sa'a nauyin ya faɗa kan ƙofa mai ɗan ƙarfi sai ta fito zakara, ba don ta fi iya komai ba.

Maganin yana cikin `help abc`. In ba ka ba da `-constr` ba, sikirif ɗin da Yosys ke miƙa wa ABC yana tsayawa ne da zarar an zaɓi sel. In ka ba da shi, sai a ƙara `buffer`, da `upsize`, da `dnsize`: a dasa bafa (sel mai ƙara wa sigina ƙarfi) a wayoyi masu nauyi, a girmama sel inda ake bukata, a rage inda ya yi yawa. Fayil ɗin layi biyu ne, `set_driving_cell` da `set_load`. Na rubuta shi, na sa `-D 10000`, wato nanosakan 10 ɗin agogo, tunda da fikosakan ake ba shi.

Bayan haka hanyoyin suka koma kamar na mutane. Fili ya ƙaru a duka huɗun, domin bafa ba kyauta ba ce, kowace `buf_1` girmanta ɗaya da NAND. Wanda duk ya kawo maka adadin fili ba tare da ya faɗi ko da `-constr` ya yi ba, rabin magana ya kawo.

Juma'a, 17 ga Oktoba

"Sigar Yosys" ba abu ɗaya ba ne, aƙalla abu uku ne a ƙunshe.

Na farko, abin da Yosys kanta ke yi kafin ta kira ABC. A nan ne babbar tazara take tsakanin 0.9 da sauran. Shekara biyu aka yi kafin 0.10 ta fito a 2021, kuma a tsakanin aka sake fasalin yadda ake tafiyar da filif-filof: `opt_dff` ta shigo, tana gano sharaɗin rubutu da na sake-saiti ta tura su cikin filif-filof ɗin, daga baya `dfflegalize` ta fito da abin da laburare ba shi da irinsa, ta mayar da shi ƙofofi. Da'irar ɗaya ce, amma surar da take isa ABC da ita ta bambanta.

Na biyu, ABC ɗin kansa. Manhaja ce mai zaman kanta daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, aikin Alan Mishchenko, kuma kowace fitowar Yosys tana ɗaure da wani matakin tarihinta. Na uku, jerin umarnin da Yosys ke rubuta masa. A 0.9 akwai `ifraig` kusa da farko. A na baya an maye gurbinsa da `&fraig -x`. Duka biyun haɗe ƙulle-ƙulle masu aiki iri ɗaya suke yi, ta hanya daban.

Abin daɗi, ana iya warware ukun. `abc -exe` yana ba ka damar nuna wace ABC za a kira, `-script` kuma ka ba da naka umarnin. Don haka na jera: tsohuwar Yosys da sabon ABC, sabuwar Yosys da tsohon ABC, kowanne da sikirif guda da na daskarar. Wani haɗin bai tashi ba saboda tsohon ABC bai san wani zaɓi ba, na bar gurbinsa fanko a tebur.

Abin da na fara gani: tsakanin 0.23 da 0.33 da 0.50, in aka daskarar da ABC da sikirif, filin lissafi kusan a manne yake. 0.9 ce kaɗai ke tsaye a gefe. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba tukuna, dalilin yana tafe.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wannan ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne ya sauya yadda nake karanta teburin duka.

ABC ba ya nemo amsa mafi kyau a duniya, babu mai iya wannan a da'ira mai dubban ƙofofi. Bi yake yi ƙulli bayan ƙulli, yana ɗaukar abin da ya fi a gabansa a lokacin, in biyu suka yi kunnen doki ya ɗauki wanda ya fara gani. Ke nan jerin da aka miƙa masa ƙofofin yana shiga cikin sakamako. Jerin kuwa Yosys ce ke rubuta shi a wani fayil na wucin gadi, `input.blif`, wanda za ka iya gani in ka sa `-nocleanup`. Ƙaramin gyara a cikin Yosys da bai shafi inganci ba ko kaɗan, a ce an sauya yadda ake raɗa wa wayoyin ciki suna, yana iya juya wannan jeri.

Don in auna girman abin, na rubuta ɗan sikirif na Python na miƙa shi ta `-exe` a matsayin ABC. Aikinsa ya buɗe `input.blif`, ya yamutsa jerin ƙofofin bisa wata lambar iri da na ba shi, ba tare da ya taɓa ko waya ɗaya ba, sannan ya kira ABC na gaskiya. Da'ira ba ta canza ba, siga ba ta canza ba, jeri kawai. Na bar shi yana juyawa da iri daban-daban a kowace siga har gari ya waye.

Sakamakon kamar awon gero a mudu: hatsin nan dai ne, amma ka juye ka sake zubawa, tozon ba zai tsaya inda ya tsaya ɗazu ba. Siga guda ba adadi ɗaya take bayarwa ba, zango take bayarwa. A fili zangon siriri ne. A lokaci kuwa ya fi faɗi nesa ba kusa ba, kuma dalilin a fili yake: fili jimilla ce ta dubban sel, sa'a da rashin sa'a suna cinye juna, amma rarar lokaci, wato abin da ya rage kafin agogo ya sake bugawa, hanya ɗaya ce tak, mafi muni, ba mai rufa mata asiri. Wani zubin hanyar tana bi ta na'urar tarawa, wani zubin ta kwatancen da ke yanke ko za a yi tsalle, wani ta karanta rajista.

Da na ɗora zangunan a kan juna, bambancin lokaci da na rubuta ranar Juma'a tsakanin 0.23 da 0.33 ya nutse cikin zangon kowace ɗayansu. Akwai zubin da 0.23 ta doke 0.50, akwai wanda 0.50 ta doke ta. Da na tsaya a gudu ɗaya ɗaya, da na rubuta labari mai daɗin ji game da ci gaba ko koma baya, alhali ƙuri'a ce aka jefa.

Wannan yana sa ni ɗari-ɗari da yawancin kwatancen da ake yawo da su, na manhajar kyauta da na kuɗi duka, inda za a nuna da'ira ɗaya, gudu ɗaya, a ce sabuwar fitowa ta rage kaza cikin ɗari. Ba na cewa ƙarya ne. Cewa nake ba a nuna mini faɗin zangon ba, don haka ban san ko ribar ta fi ƙarfin hayaniyar ba.

Ƙa'idar da na kafa wa teburin: kowane gurbi yana ɗauke da na tsakiya, da mafi ƙanƙanta, da mafi girma. Ba a cewa wata siga ta fi wata sai zangunansu sun rabu. A bisa wannan, abu ɗaya ne ya tsaya da ƙafarsa zuwa yau: 0.9 daban take da sauran ukun a filin lissafi. Ukun kuwa ban iya raba su ba a kan wannan da'ira.

Na nuna wa ƙaramin namu. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "To Malam, in haka ne me zai hana mu yi ta yamutsawa mu ɗauki wanda ya fi?" Babu abin da ya hana, kuma dabara ce ta gaske in cip za ka aika. Sai dai wannan neman sa'a ne a cikin siga guda, ba shi ne tambayar da muke amsawa ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Netlis ƙarami da ba ya aiki ba riba ba ne. Na ɗauki ɗaya daga kowace siga na gudanar da gwajin da ke zuwa tare da PicoRV32 a kan Icarus Verilog, manhajar kwaikwayon aikin da'ira, da samfuran sel na sky130. Duka sun wuce. Waɗanda aka yamutsa ma na ɗebi wasu, sun wuce.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ginshiƙan nan biyu da na raba sun kusa yaudarar mai karatu. A 0.50 filin masu ajiya ya yi tsalle sama, na lissafi ya faɗo ƙasa sosai. Wanda ya kalli ginshiƙin lissafi kaɗai zai ce an yi abin al'ajabi.

Ba a nan take ba. `dfflibmap` ta sababbin sigogi tana iya gane filif-filof mai ƙafar izinin rubutu a cikin laburare, irin `edfxtp_1`, ta ɗauke shi kai tsaye. Tsofaffin kuwa `dfxtp_1` suke sawa, su bar mazaɓin a waje a hannun ABC. Mazaɓin bai ɓace ba, ya shige cikin sel ne, ya sauya ginshiƙi. Ga rajistocin nan masu bit kusan dubu, ƙaura ce babba.

Akwai abin dubawa a ciki fiye da lissafin ginshiƙi. In mazaɓin yana waje, ABC yana da damar narkar da shi cikin ƙofofin da ke gabansa, ko ya zaɓi wata sura mai arha. In ya shige cikin sel, an rufe wannan ƙofa, amma an rage waya da yawan sel da za a jera. Wanne ya fi, ba a matakin nan za a sani ba. Na raba 0.50 gida biyu a tebur: ɗaya da laburaren yadda yake, ɗaya an cire masa sel masu izinin rubutu don ta yi daidai da 'yan uwanta. Adadin da na yi magana a kai ranar 17 da 23 na duba su, na gida na biyun ne ya dace a kwatanta, kuma hukuncin bai motsa ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Duk awon lokacin da ke sama an yi shi ne ba waya ta gaske, agogo kuma ana ɗauka yana isa ko'ina a lokaci guda. A nanomita 130 jinkirin ƙofa yana da nauyi sosai, don haka awon ba banza ba ne, amma ba shi ne na ƙarshe ba. Na fara tura netlis ɗin cikin OpenROAD, manhajar shimfiɗa da'ira a kan cip: a yanka fili, a jera sel, `repair_design` ta gyara wayoyi masu nauyi da sanin nisan gaske, a gina itacen agogo, sannan `repair_timing`.

Nan wata tambaya ta taso wadda ban yanke ba. OpenROAD tana dasa nata bafofin, kuma tana iya cire waɗanda ABC ya sa tun farko. In haka ne, wace netlis ya kamata in ba ta, mai `-constr` ko marar shi? Zan gwada duka biyun a siga ɗaya kafin in ninka aikin sau huɗu, domin kowane gudu a nan yana cin lokaci mai yawa, kuma jeren sel ma yana da tasa hayaniyar da sai an auna.

Na farkon da suka fito, 0.9 da 0.33, tazarar lokacinsu ta ragu bayan gyaran OpenROAD, ta koma tazarar fili: wadda ta shigo da rauni an yi mata ciko da manyan sel da ƙarin bafa har ta kai. Gudu ɗaya ɗaya ne, don haka da fensir na rubuta shi.

Da'ira ɗaya kuma ba ta isa a yi hukunci ba, balle wadda rajistoci suka cinye mata fili. Ina bukatar mai lissafi zalla. Zan kunna `ENABLE_FAST_MUL` a PicoRV32 don a sami na'urar ninkawa babba, sannan in kawo Ibex, wata furosesar RISC-V ta ƙungiyar lowRISC. Ita da SystemVerilog aka rubuta ta, 0.9 ba za ta iya karanta ta kai tsaye ba, sai an bi da ita ta `sv2v`, mai mayar da ita Verilog, tukuna, kuma fayil ɗin da ya fito shi za a ba duka huɗun. A halin yanzu na ce wa abokan aikin biyu kowa ya koma kwantenar 0.33, ba don ta yi nasara ba, sai don mu daina kawo adadi uku.